An sa wa tsohuwar Hilux ɗina rediyo da fitilun LED, yanzu fitilun baya sun mutu, fis sai ƙonewa yake

Baban Khalid:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman agajinku kan a-kori-kurata, Toyota Hilux ce ta 1996. Tsohuwa ce, amma ba ta taɓa ba ni ciwon kai ta fannin wuta ba sai yanzu. Na kai ta aka yi mata aiki a rana ɗaya: aka cire tsohuwar rediyo aka sa mai allo, aka sa kyamarar ribas, aka canza ƙwayayen fitilar gaba zuwa LED, sannan aka ɗora doguwar fitilar nan ta LED a saman bamba. Da rana aka gama, rediyo na yi, kyamara na nunawa, na sallami mai aiki na tafi.

Da dare ya yi sai ga abin da na tarar. Fitilun baya ba sa kamawa, fitilun fakin na gaba haka, ta lamba haka, dashbod kuma duhu ƙirin, ko allurar gudu ba na gani. Fitilar gaba tana kamawa, amma shuɗiyar alamar nan ta ful ba ta fitowa. Ita kuma doguwar fitilar sai ta kama ta ɗauke yadda ta ga dama, rile ɗinta, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, yana ta kakat-kakat. Na buɗe akwatin fis na ga wanda aka rubuta wa TAIL, wato na fitilun baya, ya ƙone. Duk sabon da na sa, ina murɗa makunnin fitila sai in ji tas. Wanda ya yi aikin ya ce wai wayoyin motar ne suka tsufa, sai an yi mata sabon wayarin gaba ɗaya. Hankalina bai kwanta da maganarsa ba. Me kuke gani?

Ɗan Autan Direbobi:
Wa alaikumus salam. Oga ai kaya ka ƙara wa motar, dole fis ya kasa ɗauka. Na nawa ne a wurin? Cire shi ka sa kore mai 30 ka huta. Ni tawa haka na yi mata, har yau shiru.

Baba Mai Rewaya:
Ɗan Auta, Allah ya shirye ka. Wannan shawara ita ke kawo mana motoci da dashbod a narke.

Baban Khalid, kada ka kuskura. Fis ba don ya kare ƙwan fitila aka sa shi ba, waya yake karewa. Siririyar wayar da ke kai wuta fitilun baya an auna ta ne da fis ɗin da ke rubuce a murfi. Ka sa mai 30, shi ba zai ƙone ba, wayar ce za ta yi zafi a cikin ɗaurin wayoyi inda ba ka gani, robarta ta narke ta manne da na kusa da ita. A nan ne za ka buƙaci sabon wayarin da ake faɗa maka.

Ka amsa min abu biyu. Nawa aka rubuta a murfi? Sannan fis ɗin nan take yake ƙonewa, ko sai an jima ana tafiya?

Baban Khalid:
Baba barka da dare. 15A aka rubuta, shuɗi ne. Nan take yake ƙonewa, ko fitilar ba ta kai ga yin haske ba.

Baba Mai Rewaya:
To ba nauyi ba ne, shot ne. Nauyi a hankali yake cin fis, sai ya ɗumama tukun. Wanda ya fashe nan take, wata waya mai wuta ce ke taɓa bodi kai tsaye. Kuma kafin ka sake fita da dare ka sani fa, kai kana ganin gabanka, na bayanka ba ya ganinka. Fitilar gaba fis ɗinta daban, shi ya sa take kamawa. Ajiye motar da dare har a gama.

Abu Sadiq:
Ni ina zargin altaneta, wato mai yi wa batir caji. Na taɓa ganin wadda ke caji fiye da ƙima tana ƙona ƙwayaye da fis. A auna batir tukun.

Injiniya Hauwa:
Malam Abu, aunawar ba ta da wahala, a yi ta don a rufe wannan ƙofar: mota a kashe batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Amma ban ga altaneta a nan ba. In caji ya wuce ƙima ƙwayaye yake ƙonawa a wurare daban-daban, ba ya zaɓar fis ɗaya tak ya riƙa fasa shi daidai lokacin da aka murɗa makunni. Baban Khalid, na tabbata ko inji a kashe fis ɗin zai fashe. Haka ne?

Dubi lissafin kayan da ke kan wannan fis. Ƙwan fakin da na baya wat 5 ne kowanne, na lamba ma haka, na dashbod kuma ƙanana ne sosai. Ka tara su duka da ƙyar su kai amfiya 4. Fis mai 15 ya fi ƙarfinsu nesa. Saboda haka wani abu ne sabo ya shigo layin, kuma cikin ayyukan da aka yi, biyu ne suka kusanci wayar fitilun fakin: rediyo a gaba, kyamara a baya. Ni a kan rediyo zan sa kuɗina.

Baban Khalid:
Haka ne Injiniya, ko inji a kashe yana fashewa. Amma rediyon fa tana aiki lafiya lau, ko ƙara babu. Ya za a yi ita ce matsalar?

Injiniya Hauwa:
Aikin da take yi shi ke ruɗar mutane. Bari in warware.

A soket ɗin tsohuwar rediyo akwai waya ɗaya da aikinta shi ne ta haska fuskar rediyon in an kunna fitila. Wannan waya reshe ce ta layin TAIL. In fitilu a kashe suke babu wuta a kanta. Mai haɗa rediyo yana neman wayar at, wato wadda ke mayar da wuta batir ta jikin bodi, sai ya ɗauko mita ya sa ta a kan ƙarar nan da take yi in waya biyu sun haɗu, ya taɓa wannan waya da bodi, mita ta yi ƙara. Ya ce ya samu. Abin da bai lura ba shi ne, mitar ta bi ta cikin zaren ƙwayayen fitilun baya da na dashbod ne ta isa bodi. Zaren ƙwai in yana da sanyi juriyarsa kaɗan ce, ga su kuma da yawa a jere, don haka a idon mita kamar at ne.

Sai ya ɗaura baƙar wayar sabuwar rediyo a kanta. Rediyo ta kama, don tana samun at ɗinta na gaskiya ta jikin ƙarfenta da aka ɗaure da kusoshi, da kuma ta wayar eriya. Da rana komai daidai. Da dare kana murɗa makunni, bolt 12 ya hau wannan waya, ya bi baƙar wayar, ya shiga jikin rediyo, ya fita ta eriya zuwa bodi. Babu ƙwai a tsakani, babu komai. Fis ya tafi.

A sababbin rediyoyi launukan kusan ɗaya ne: rawaya wutar batir ta kullum, ja wutar makulli, baƙa at, ruwan lemo kuma ita ce ta hasken fuska. Ruwan lemon ce ya kamata ta haɗu da waccan waya, ba baƙar ba.

Baba Mai Rewaya:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara shi ne yadda za ka tabbatar ba tare da ka ƙarar da fis ɗin duniya ba.

Samo ƙwai mai wat 21, irin na tirafiketa, da soket ɗinsa mai waya biyu. Cire fis ɗin TAIL, ka cusa wayoyin nan biyu a ramukan da ƙafafun fis suke shiga. Yanzu ƙwan ya zama fis ɗinka, kuma ba zai bar wuta mai yawa ta wuce ba. Kunna fakin. In akwai shot zai yi haske tar, cikakke. Bar shi a haka, ka zaro rediyo, ka cire soket ɗinta da wayar eriya. In hasken ya faɗi, ka leƙa baya ka ga fitilu sun ɗan kama, ka kama ɓarawonka. In bai faɗi ba, ka je baya ka cire soket ɗin fitilar hagu, sannan ta dama, sannan ta lamba, ɗaya bayan ɗaya, idonka a kan ƙwan.

Kuma in kana neman at a Toyota, galibi farar waya mai baƙin layi ce. Amma ni ko na gan ta ba na yarda da launi a motar da ta kusa shekara 30, hannaye da yawa sun shiga. Testa nake ɗorawa, wato ɗan ƙwan gwaji mai tsinke da ke kamawa in akwai wuta, in kunna fitila in kashe, in ga abin da wayar ke yi.

Ɗan Autan Direbobi:
To ni da na sa mai 30 kuma ba abin da ya faru fa? Ko tawa ta fi taku albarka ne 😂

Baba Mai Rewaya:
Kai naka ba shot ba ne, shi ya sa. Wataƙila ka jibga wa layin ƙarin fitilu ne. Gobe ka kunna fitilu ka bar su ɗan lokaci, ka sa hannu a bayan akwatin fis ka taɓa wayar. In ka ji ɗumi ka dawo mu yi magana.

Direban Dare:
Ni ba a kan fis na shigo ba. Don Allah masu sa LED a tsofaffin fitilu ku ji tsoron Allah. Mu da muke kwana a kan hanya mu muka san abin da muke gani. Mutum yana dim amma kamar ya haska maka walda a ido, ka yi masa filashin, shi kuma ya ƙara maka da doguwar fitila. Sai ka wuce shi da daƙiƙu kana tuƙi a makance.

Abu Sadiq:
Ai laifin saiti ne ba na LED ba. In aka sunkuyar da fitilar shi ke nan.

Injiniya Hauwa:
Ba saiti kaɗai ba ne Malam Abu. Kwanon fitilar da gilashinta an ƙera su ne don ƙwan H4, wanda zarensa siriri ne kuma yana zaune a wani takamaiman wuri, ga wata 'yar garkuwa a ƙarƙashin zaren dim da ke tare hasken da zai tashi sama. Ƙwan LED fuska biyu gare shi a jikin faranti mai kauri. In ƙwayoyin hasken ba su zauna daidai inda zaren yake ba, haske ya watse ke nan. Ka sunkuyar da shi, ka rage wa kanka nisan gani, kuma tartsatsin da ke tashi sama yana nan. Akwai masu kyau da suka kusa kwaikwayon zaren, ban musa ba. Gwajin mai sauƙi ne: a tsaya gaban bango da dare, a kunna dim. In akwai layi a fili, sama duhu ƙasa haske, to da sauƙi. In haske ne kawai ya bazu kamar an watsa, Direban Dare yana da gaskiya.

Amma mu bar Baban Khalid ya gama da fis tukun.

Baban Khalid:
Jama'a na dawo. Baba, dabararku ta ƙwai ta yi aiki. Ina kunna fakin ya yi haske tar. Na kwance kusoshin rediyo na zaro ta, haske bai canza ba. Ina zare wayar eriya sai ya faɗi. Na warware salatif ɗin da aka naɗe a baya, sai ga baƙar wayar rediyo an murɗe ta da wata koriyar waya ta motar, ko dalma babu, murɗi ne kawai. Ita kuma mai ruwan lemo an naɗe bakinta an bar ta tana lilo. Na raba su, na haɗa koriyar da mai ruwan lemo, baƙar kuma na sa mata zobe na ɗaure a ƙarfen da ke bayan dashbod bayan na kankare fenti. Na mayar da fis mai 15. Dashbod ya kama, fakin ya kama, baya ya kama. Har fuskar rediyon yanzu tana rage haske da kanta in na kunna fitila.

Allah ya saka da alheri. Sai dai wani sabon abu ya ɓullo da ban gani ba a da. Na sa yarona ya taka birki ina tsaye a baya. In fitilu a kashe suke, ta dama tana kamawa sosai, ta hagu kuwa wani ja-ja take yi mara ƙarfi, har fitilar lamba tana ɗan yin ja. In fitilu a kunne suke, yana taka birki sai ta hagu ta mutu gaba ɗaya. Ko na taɓa wani abu ne a bayan rediyo?

Baba Mai Rewaya:
Ba ka taɓa komai ba. Tun can matsalar tana nan, wancan shot ɗin ne ya rufe ta, ga shi kuma fitilun bayan ba sa kamawa balle ka gani. At ɗin fitilar hagu ne ya tsinke. A wane gefe aka jona kyamara?

Baban Khalid:
Hagu ne Baba. Daga fitilar ribas ta hagu ya ɗauki wuta.

Baba Mai Rewaya:
To ka gani. Ƙwan baya zare biyu gare shi a cikin gilashi ɗaya, mai wat 21 na birki, mai wat 5 na fakin, kuma hanyarsu ta komawa ɗaya ce, jikin gindin ƙwan. Wuta kamar ruwa take, ka toshe mata magudana sai ta nemi gidan maƙwabci. Ta shiga ta zaren birki, ta zo gindi ba hanya, sai ta juya ta bi zaren fakin a baibai, ta hau layin fitilun fakin ta je ta fita ta ƙwan lamba da sauran. Shi ne jan da ka gani. In kuma fitilu a kunne suke, wuta ta zo ta nan ta zo ta can, duka biyu bolt 12, babu mai saurara wa wani, ƙwai ya mutu. Ka gwada tirafiketar hagu ma, za ka iya ganin fitilar fakin tana ƙyaftawa tare da ita.

Kwance fitilar ka duba farar waya mai baƙin layi. Ko ya yanke ta, ko ya sa irin maƙalar nan mai haƙori da ke cizon waya ta datse gashin ciki, ko ya kwance kusar at ya mayar a kan tsatsa.

Abu Sadiq:
Kafin ya kwance ya duba ƙwan kansa. Na ga inda aka tura ƙwai mai gindi ɗaya a soket mai gindi biyu, ya haɗe layin birki da na fakin. Ana taka birki dashbod ya kama.

Injiniya Hauwa:
Wannan ma yana faruwa, kuma dubawa ba ta cin komai. Ƙwai mai zare biyu ɗigon dalma biyu gare shi a gindi, kuma 'yan kunnuwansa na gefe ba a layi ɗaya suke ba, ɗaya na sama da ɗaya, don kada a juya shi. Amma da hakan ne, da dashbod zai kama da cikakken haske, kuma fitilar ba za ta mutu ba in an taka birki. Alamun da ya faɗa na at ne.

Baban Khalid, ga gwajin da zai raba gardama. Kada ka auna at da ƙarar mita, ka ga inda hakan ya kai mai rediyo. Ko gashin waya ɗaya ne ya rage a haɗe, mita za ta yi ƙara. Sa ta a kan bolt, baƙin tsinke a negetif ɗin batir ta doguwar waya, jan tsinke a jikin ƙarfen soket ɗin ƙwan, yaro ya taka birki. At mai kyau bai kamata ya wuce 0.2 ba. In ka ga bolt 6 ko 9, hanyar komawa ta toshe. Dole sai wuta na gudana ake wannan awo, in ba a taka birki ba sifili za ka gani ka ɗauka lafiya.

Kuma ka tuna a-kori-kura ce. Akwatin baya daban yake da kan motar, a kan shasi yake zaune da kusoshin da suka sha ruwa da laka. In mai kyamara ya ɗaure at a jikin akwatin baya, ba lallai ne ya isa batir da kyau ba.

Baban Khalid:
Na auna, 8.7 ta nuna. Na kwance fitilar, maƙala mai haƙori ce kamar yadda Baba ya ce, shuɗiya. Ya ɗora ta a kan farar wayar don kyamara ta samu at. Ina ɗan jan wayar sai ta rabu biyu a hannuna, gashi biyu ne kawai suka rage, sauran sun yi kore. Na yanke wurin, na fere sabon baki, na haɗa. Yanzu 0.1 take nunawa kuma birki ya kama daidai da na dama.

Saura gaba. Alamar ful da doguwar fitila.

Baba Mai Rewaya:
Da me ka haɗa? In murɗi ka yi ka naɗe da salatif, wata shida ka dawo. Dalma za ka sa.

Injiniya Hauwa:
Baba a nan kam zan saɓa muku. A mota na fi yarda da matsi, wato a matse bakunan wayar cikin 'yar maƙalar ƙarfe da fulaya. Dalma tana bin gashin waya ta sandarar da shi, daidai inda ta tsaya nan wayar ke karyewa in girgiza ta yi yawa, kuma bayan a-kori-kura girgiza ce zalla. Ku duba wayarin da kamfani ya yi, kusan duk bakunan matse su aka yi.

Baba Mai Rewaya:
Hajiya, kamfani da inji yake matsewa. Shi da wace fulaya zai matse? Matsin da aka yi da fulayar gida ina jan sa da yatsa biyu ya fito. Dalma kaɗan, ba a cika ta ba, a sa robar nan mai tsukewa da zafi, a ɗaure wayar kada ta yi lilo. Tun kafin a haife ki nake haka, ban ga wadda ta dawo ba.

Injiniya Hauwa:
Na yarda in babu fulayar matsi ta gaskiya, dalmarku ta fi. Amma hannunku ne ya san "kaɗan" ɗin, Baba. Mai koyo sai ya cika ta har ta gangara. Abin da muka haɗu a kai shi ne robar da ke hana ruwa shiga, da ɗaure wayar.

Mu koma gaba. Baban Khalid, abu na farko: mayar da tsofaffin ƙwayayen H4 ɗinka in ba a jefar ba, ka faɗa mana abin da doguwar fitilar ke yi. Ina da zato, amma ina so in ji daga bakinka.

Baban Khalid:
Suna nan, na mayar. Shuɗiyar alama ta dawo nan take! Rile ma ya daina kakat-kakat. Amma abin dariya, yanzu doguwar fitilar a dim take kamawa, ina sa ful sai ta mutu. A juye take aiki.

Injiniya Hauwa:
Zatona ke nan. Yawancin motoci makunni wuta yake aikawa ƙwai, at kuma yana nan a ɗaure kullum. Tsofaffin Toyota da yawa akasin haka suke a fitilar gaba. Cikin ƙafafu uku na H4, wadda zare biyu suka yi tarayya a kanta ita ke samun fozitif daga rile da fis ɗin HEAD, shi kuma makunnin sitiyari at yake bai wa zaren da ake so, dim ko ful.

To mai aikinka ya ɗauka irin sauran motoci ce. Cikin ƙafafu biyun da ke sa rile ya kama, 86 da 85, ya jona 86 a wayar ful, ya kai 85 bodi. A motarka, in kana dim, wayar ful ba a ba ta at ba, don haka bolt 12 ya ratso ta zaren ful yana zaune a kanta. Naɗin wayar da ke cikin rile abin da yake ci bai kai amfiya 0.2 ba, wannan ya ishe shi ya kama. Kana sa ful wayar ta koma at, rile ya saki. Da ƙwan LED kuwa babu zaren da wuta za ta ratso, sai ɗan abin da ya tsiyayo ta cikin na'urarsa, shi ne rile ke kamawa yana saki.

Alamar ful ma labarin ɗaya ne. A wannan tsari wutarta ta cikin zaren dim take biyowa lokacin da kake ful. Ka cire zare, ka yanke mata hanya.

Ka tabbatar da kanka kafin ka taɓa komai, don ba kowace Hilux aka yi wa wayarin iri ɗaya ba. Cire soket ɗin fitilun gaba duka biyu, ba ɗaya ba, in ba haka ba wuta za ta zagayo ta ɗaya ƙwan ta ruɗe ka. Maƙala testa a bodi, kunna fitila, taɓa ramuka ukun a dim, sake taɓawa a ful. In rami ɗaya ne ke da wuta a duka biyun, at makunninka ke yankewa.

Gyaran: 86 ta koma kan wannan waya mai wuta, 85 ta bi ta makunnin doguwar fitila zuwa wayar ful. Ƙafa 30 daga batir, 87 zuwa fitilar. Da haka ba za ta taɓa kamawa ba sai kana ful kuma ka danna makunninta, kana komawa dim ta mutu da kanta.

Direban Dare:
Wannan na ƙarshen shi ne ya fi min daɗi. Allah ya sa kowa ya haɗa tasa haka.

Baba Mai Rewaya:
Tunda hannunka na wurin, bi jar wayar da ta taso daga batir zuwa ƙafa 30. Akwai fis a kanta? A ina yake? Kusa da kan batir ake so, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba, don duk abin da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai kare shi. Fitila mai wat 120 amfiya 10 take ja, fis mai 15 ya yi mata in wayar mai kauri ce. Sannan ka duba inda wayar makunni ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. In ramin ƙarfe ne tsirara ba roba, yana nan yana cin ta a hankali.

Baban Khalid:
Na gwada da testa, rami ɗaya ne ke da wuta a dim da ful. Na juya wayoyin rile yadda Injiniya ta ce, yanzu tana bin ful daidai. Fis kuwa akwai, amma can kusa da bamba aka sa shi, wayar ta yi tafiyar fiye da mita ɗaya a gefen inji ba kariya. Na dawo da shi kusa da batir. Ramin bango ma ba roba, har wayar ta fara gogewa, na sa mata.

Tambayata ta ƙarshe: ƙwayayen LED ɗin nan, in mayar ko in haƙura? Gaskiya tsofaffin ba su da haske, shi ya sa tun farko na canza.

Abu Sadiq:
Mayar da su kawai, akwai 'yar waya da ake sayarwa mai juya musu fozitif da negetif, a ƙara resista, wato abin da zai maye gurbin zaren ƙwai, don alamar ful ta kama.

Injiniya Hauwa:
Zai yiwu, amma resista zafi take yi sosai, sai an ɗaure ta a ƙarfe nesa da roba. Kafin nan ni zan fara tambayar me ya sa tsofaffin ba su da haske. Kunna inji, kunna dim, auna bolt a kan batir, sannan ka auna tsakanin ƙafafu biyu na ƙwan yana kunne. A tsohuwar mota wutar tana bin siririyar waya da makunnin sitiyari da ya sha aiki, ba abin mamaki ba ne ka ga batir 14 ƙwai kuma 12 da ɗan kai. Ƙwan halojin in bolt ɗinsa ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kusan kashi 30 yake raguwa. Maganin shi ne rile biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, da waya mai kauri kai tsaye daga batir ta fis, tsohon wayarin ya zama umarni kawai yake bayarwa. A nan ma alamar ful za ta buƙaci 'yar resista, tunda soket ɗin asali ba ya kan zare kuma, amma ƙarama ta isa.

Sannan ka leƙa cikin kwanon. In azurfar ta dushe ko ta fara ɓarewa, ko wane ƙwai ka sa ba zai tura haske nesa ba.

Baban Khalid:
Na auna. Batir 14.1, ƙwai 12.3. Kwanon dama yana ƙyalli, na hagu ya yi hazo daga ƙasa. Zan sa rile biyun in canza kwanon hagu, in gani. LED ɗin na ajiye su a kwalinsu tukun.

Ɗan Autan Direbobi:
Baba na taɓa wayar nan da kuka ce. Akwai ɗumi, har robar ta ɗan yi laushi. Fitilu shida na ƙara a jikin ƙarfen baya, duk daga wayar fitilar lamba na ja su.

Baba Mai Rewaya:
Cire mai 30 ɗin nan yau, mayar da abin da ke rubuce a murfi, ka zare fitilun shida har sai ka ja musu layinsu da rile. Wat nawa ne kowacce? Kuma ka bi wayar daga akwatin fis har baya ka ga ko akwai inda ta manne da wata.